Tarihin Wasan Pokémon GO da Rikicin Iko a Kan Lambunan Shaƙatawa

1.0 Gabatarwa

Wani dare a tsakiyar watan Yuli na shekarar 2016, aka ga ɗaruruwan mutane suna kwarara a guje zuwa cikin Central Park, watau babban lambun shaƙatawa na birnin New York a ƙasar Amurka, kowa da wayarsa a hannu. Har wani ya tsayar da motarsa a kan titi, ya fita ya bi ayari. Abin da ya tayar da su shi ne labarin da ya bazu cewa wata halitta mai wuyar samu, wadda ake kira Vaporeon, ta bayyana a wurin. Ita kuwa halittar nan babu mai iya ganinta sai ta fuskar wayar hannu, domin ɗaya ce daga cikin halittun wasan Pokémon GO, wanda a lokacin bai cika mako biyu da fitowa ba.

Yawancin waɗanda suka yi rubutu a kan al'amarin a wancan lokaci sun ɗauke shi a kan yayi ne kawai, irin wanda kan zo ya wuce. Mu kuwa a wannan ƙasida muna so mu dube shi da idon tarihi. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa wasan nan mahaɗa ce ta tsofaffin hanyoyi uku, watau tarihin lambun shaƙatawa na jama'a, da al'adar kamun ƙwari ta yaran ƙasar Japan, da kuma tarihin taswirar da ke aiki da tauraron ɗan'adam. Sa'an nan za mu nuna cewa haɗuwar hanyoyin nan ta haifar da wata tambaya wadda har yanzu ba a gama amsa ta ba: idan gari ya mallaki fili, amma wani kamfani ya mallaki taswirar da ke kai mutane filin, to wane ne mai iko da wurin?

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu bayyana abin da muke nufi da lambun shaƙatawa. Muna nufin filin da hukumar gari ta keɓe, ta shuka masa ciyawa da itatuwa, ta buɗe shi ga kowa don shan iska, tana kuma kula da shi da kuɗin haraji. Mun guje wa kiransa dandali, saboda dandali al'ada ce take kafa shi, alhali kuwa irin wannan lambu doka ce take kafa shi, yana da iyaka da ma'aikata da lokacin buɗewa da na rufewa.

2.0 Asalin Lambun Shaƙatawa na Jama'a

Lambun jama'a irin wanda muka bayyana ɗa ne na zamanin masana'antu. A farkon ƙarni na 19 birane a Ingila suka cika da ma'aikatan masaƙu da na ma'aikatun ƙarfe, waɗanda suke kwana a cunkushe cikin hayaƙi, ba su da wurin miƙe ƙafa. A shekarar 1847 aka buɗe Birkenhead Park kusa da birnin Liverpool, wanda Joseph Paxton ya tsara, aka kuma gina shi da kuɗin jama'a. Wani Ba'amurke mai suna Frederick Law Olmsted ya ziyarci wannan lambu a 1850, abin ya burge shi ƙwarai, musamman ganin talaka da mai kuɗi suna yawo a hanya ɗaya. Shi ne tare da Calvert Vaux suka ci gasar tsara Central Park a shekarar 1858, lambun da girmansa ya kai eka 843. A Japan ma, a 1873 gwamnati ta ba da umurnin keɓe wasu filaye su zama lambunan jama'a, har da na Ueno a birnin Tokyo.

Akwai abubuwa biyu a tarihin Central Park da ya kamata mu riƙe, domin za mu sake cin karo da irinsu a gaba. Na farko, ba a kan fili maras kowa aka yi lambun ba. A shekarar 1857 aka tashi mutane kimanin 1,600 daga wurin, har da mazauna ƙauyen Seneca, waɗanda yawancinsu baƙaƙen fata ne masu gidajen kansu da coci-coci da makaranta. Na biyu, ko da aka buɗe shi, hukumar lambun ta tsaya kai da fata a kan irin shaƙatawar da ta yarda da ita. An hana taron cin abinci na ƙungiyoyi, an hana kekunan dokin 'yan kasuwa shiga, ƙwallo kuwa ba a yarda kowa ya buga ba sai ɗan makaranta wanda ya zo da takarda daga shugaban makarantarsa. Ke nan tun daga tushe, lambun da aka ce na kowa ne yana da mai cewa a yi ko a bari, kuma mai faɗin haka ita ce hukumar gari. A kan haka aka zauna fiye da shekara ɗari da hamsin.

3.0 Daga Kamun Ƙwari Zuwa Dodannin Aljihu

Hanya ta biyu ta faro ne daga Japan. Kamun ƙwari a lokacin hutun bazara tsohuwar al'ada ce ta yaran ƙasar, kamar dai yadda yaranmu kan fita kamun fara ko gyare, sai dai su ba don ci suke kamawa ba, tarawa suke yi suna kiwo, suna gwada wa juna. Satoshi Tajiri, wanda aka haifa a 1965, ya tashi a garin Machida a gefen Tokyo lokacin da akwai sauran gonaki da kududdufai a wurin. Saboda tsananin son da yake yi wa ƙwari har abokansa suka yi masa laƙabi da likitan ƙwari. Kafin ya gama girma birni ya cinye waɗannan wurare, aka cike kududdufai, aka shimfiɗa kwalta, ƙwarin suka ɓace.

Tajiri ya koma ga wasannin na'ura. Ya fara da buga wata 'yar mujalla mai suna Game Freak, wadda shi da mai zane Ken Sugimori suka mayar kamfanin tsara wasanni a 1989. A wannan shekara ce kamfanin Nintendo ya fitar da 'yar na'urar wasa ta hannu mai suna Game Boy, wadda ake iya haɗa guda biyu da igiyar waya. Tajiri ya bayyana cewa da ya ga wannan igiya sai ya raya a ransa ƙwari suna bin ta daga wannan na'ura zuwa waccan. Bayan aikin shekara shida, ranar 27 ga Fabrairu 1996, aka fitar da wasan a Japan da sunan da ke nufin dodannin aljihu, wanda aka taƙaice ya zama Pokémon. Akwai halittu 151 a ciki, an kuma raba wasan gida biyu ta yadda ba mai iya tara su duka sai ya yi musaya da wani.

Abin lura a nan shi ne, wasan ya samo asali ne daga rashi. Mutumin da birni ya raba da dajinsa ne ya sake gina dajin a cikin na'ura don yaran da ba su taɓa ganin irinsa ba. Amma dajin na cikin na'ura ne kurum. Yaro yana iya kewaye shi duka yana kwance a ɗaki.

4.0 Taswira Mai Sanin Inda Mutum Yake

Hanya ta uku daga hannun soja ta fito. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta kafa tsarin gano wuri da ake kira GPS. An harba tauraronsa na farko a 1978, ya kuma kammala da taurari 24 a 1995. Da farko da gangan aka riƙa gurɓata saƙon da farar hula suke samu, ta yadda na'ura kan yi kuskuren da ya kai mita ɗari. A farkon watan Mayu na shekarar 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina gurɓatawar, kuskuren ya ragu kimanin ninki goma. Ranar 3 ga wannan wata wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti da 'yan kayayyaki a daji a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin a intanet, ya ce mai iyawa ya nemo. Daga nan wasan ɓoyon kaya da neman su da GPS ya samu, ko da yake yana da kaka a Ingila, inda tun 1854 wani ja-gora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a wani lungu na dajin Dartmoor don duk wanda ya iya kai kansa wurin ya bar katinsa.

A shekarar 2001 John Hanke da abokansa suka kafa kamfanin Keyhole, mai haɗa hotunan tauraron ɗan'adam su zama taswirar duniya a kwamfuta. Daga cikin waɗanda suka sa masa jari har da In-Q-Tel, watau asusun zuba jari na hukumar leƙen asirin Amurka. Google ya sayi kamfanin a 2004, aikinsa kuma ya zama Google Earth a 2005. A 2010 Hanke ya kafa wani sashe a cikin Google mai suna Niantic, wanda a ƙarshen 2012 ya fitar da wasan Ingress.

Wannan wasa na Ingress shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. A cikinsa ƙungiyoyi biyu ne suke gasar mallakar wasu wurare na zahiri, kuma dole mai wasa ya je wurin da ƙafarsa. Da farko kamfanin ya samo jerin wuraren ne daga wata taska ta allunan tarihi da daga hotunan da mutane suka ɗora a intanet. Daga baya ya ce masu wasa su riƙa ɗaukar hoton duk wani wuri da suka ga ya dace, kamar gunki ko hasumiya ko zanen bango ko ƙofar lambu, su aiko masa. A 2016 Hanke ya faɗa cewa an aiko wurare kimanin miliyan 15, an amince da kimanin miliyan 5. Da haka kamfanin ya sami wata taswira tasa ta kansa, wadda masu wasa suka tara masa kyauta, ba tare da an nemi izinin masu wuraren ba.

5.0 Haɗuwar Hanyoyin Uku a Shekarar 2016

Ranar 1 ga Afrilu rana ce ta zolaya a ƙasashen Turawa. Don wannan rana a 2014 Google ya watsa halittun Pokémon a kan taswirarsa, ya ce mutane su nemo su. Karɓuwar da zolayar ta samu ita ta sa aka fara tunanin mayar da ita wasa na sosai. A 2015 Niantic ya rabu da Google ya tsaya da ƙafarsa, da jarin da ya samu daga Google ɗin da Nintendo da kamfanin Pokémon. Ranar 6 ga Yuli 2016 aka fitar da Pokémon GO a Amurka da Ostareliya da New Zealand, ranar 22 ga wata kuma a Japan. A watan Oktoba ya iso ƙasashen Afirka 31, har da Nijar da Gana da Cadi. Tun kafin nan, a farkon Satumba, kamfanin ya riga ya sanar cewa an sauke wasan a wayoyi fiye da sau miliyan 500.

Ga yadda ake yin sa a taƙaice. Mai wasa yana ganin taswirar unguwar da yake tsaye a fuskar wayarsa, in ya yi tafiya taswirar ta motsa tare da shi. Halittu kan bayyana nan da can, masu zaman ruwa sun fi yawa a bakin ruwa, shi kuwa sai ya shafi fuskar wayar ya jefa musu ƙwallo don ya kama su. Ƙwallayen kan ƙare, sai ya je ɗaya daga cikin wuraren da kamfanin ya kira PokéStop, waɗanda za mu kira zango, ya ƙaro. Akwai kuma wuraren da za mu kira fage, inda ƙungiyoyi uku na masu wasa suke karawa. Zango da fage duk daga taswirar Ingress aka kwaso su, kuma a wancan lokaci sai mutum ya matso kamar mita 40 kafin ya iya amfani da su. Har wa yau akwai ƙwai waɗanda ba sa ƙyanƙyashewa sai an yi tafiyar kilomita 2 ko 5 ko 10. Daɗin daɗawa, mai wasa yana iya sa wa zango wani abu mai aiki irin na ƙoton da masunci kan sa a ƙugiya, wanda zai riƙa janyo halittu har minti 30, kuma duk wanda ke kusa zai amfana.

Duk wanda ya dubi waɗannan ƙa'idoji zai gane dalilin da ya sa lambun shaƙatawa ya zama gidan wasan. A nan ne gumaka da alluna da maɓuɓɓugan ruwa suka fi taruwa, saboda haka a nan zanguna suka fi yawa. A nan ne kuma mutum zai yi ta kewaya ba fargabar mota, ba kuma mai tambayarsa abin da ya kawo shi. Lambun Tsuruma na birnin Nagoya ya yi suna saboda in an dubi dandamalin maɓuɓɓugarsa daga sama ya yi kama da ƙwallon wasan, mutane suka riƙa cika shi dare da rana. Da haka farautar da Tajiri ya shigar cikin na'ura ta sake fitowa fili, ta sauka a ragowar ciyawar da birni ya bari.

Game da amfanin wasan ga lafiya, bincike biyu da aka buga a 2016 sun ishe mu misali. Tim Althoff na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun gano cewa waɗanda suka duƙufa a kan wasan sun ƙara taku 1,473 a kowace rana. Amma wasu masana na Jami'ar Harvard, da suka bi sawun mutane 1,182, sun ga ƙarin taku 955 a makon farko, wanda ya yi ta raguwa har ya ɓace a mako na shida. Saboda haka, a ganinmu, muhimmancin wasan a tarihi ya fi ƙarfi ta wajen inda ya tara mutane, a kan yawan tafiyar da ya sa suka yi.

6.0 Rikici Tsakanin Mai Fili da Mai Taswira

Ba a yi wata guda ba sai ƙorafi ya fara. A unguwar Rhodes ta birnin Sydney akwai wani ɗan ƙaramin lambu mai suna Peg Paterson, a tsakiyar dogayen benaye, inda zanguna uku suka haɗu wuri ɗaya. Kowane dare ɗaruruwan mutane suka riƙa cika shi har bayan tsakar dare, ciyawa ta mutu, shara ta taru, motoci suka toshe hanya, har wasu mazauna benayen suka riƙa jifar masu wasa da ruwa da ƙwai. Ƙaramar hukumar wurin ba ta da wata hanyar kashe abin da ke jan mutanen, sai dai ta roƙi kamfanin. Da kamfanin ya cire zangunan a farkon Agusta, taron ya watse. Abin da 'yan sanda da ma'aikatan hukuma suka kasa, wani gyara da aka yi a kwamfuta ya gama da shi. Haka kuma sai da aka roƙi kamfanin kafin ya janye wasan daga gidan tarihin kisan ƙare-dangin Yahudawa a Washington, da lambun tunawa da waɗanda bam ya kashe a Hiroshima, inda aka janye shi kafin taron juyayin ranar 6 ga Agusta.

Misalin da ya fi dacewa da bayaninmu shi ne na gundumar Milwaukee a jihar Wisconsin. Lambun da abin ya shafa, watau Lake Park, yana cikin waɗanda Olmsted ɗin nan ya tsara. Bayan cunkoson 2016 hukumar gundumar ta ga ita ce ke biyan kuɗin kwashe shara da ƙarin aikin masu tsaro da gyaran ciyawa, kamfani kuwa yana can yana cin riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda haka a Fabrairu 2017 ta kafa doka cewa duk kamfanin da zai sa irin wannan wasa a lambunanta sai ya nemi takardar izini kamar mai shirya biki, ya nuna inshorar dala miliyan 1, ya kuma faɗi tanadin da ya yi wa shara da tsaro. Wani ƙaramin kamfani mai suna Candy Lab, mai irin wannan wasa, ya kai ƙara. A watan Yuli 2017 alƙali J. P. Stadtmueller na kotun tarayya ya dakatar da dokar, bisa hujjar cewa wasan yana cikin abubuwan da tsarin mulkin Amurka ya kare a ƙarƙashin 'yancin faɗar albarkacin baki, dokar kuma ta bai wa ma'aikata ikon hanawa ba tare da ƙa'ida bayyananniya ba. Daga baya gundumar ta sasanta, ta biya dala 83,000 na kuɗin lauyoyi. Hukumar lambu, wadda a zamanin Olmsted take iya hana a buga ƙwallo, sai ga shi ta kasa hana a dasa zango.

Amma fa kada mu ɗauka cewa ko'ina gudun taron ake yi. Inda ake son mutane, roƙon kamfanin aka yi ya turo su. A Japan shagunan abinci na McDonald's kimanin 3,000 aka mayar zango ko fage bisa yarjejeniyar talla. Lardunan Iwate da Miyagi da Fukushima, waɗanda girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011 suka ɗaiɗaita, da lardin Kumamoto wanda girgizar 2016 ta shafa, sun haɗa kai da kamfanin don janyo baƙi, har a Nuwamba 2016 aka yawaita wata halitta mai suna Lapras a gaɓar tekun arewa maso gabas, mutane suka yi tururuwa zuwa can. Ko da ƙi ko da so, maganar ɗaya ce: mai taswira shi ke tara jama'a, shi ke watsa su.

Shi kansa kamfanin bai tsira daga nauyin taron ba. Ranar 22 ga Yuli 2017 ya shirya babban biki a Grant Park na birnin Chicago, mutane kimanin 20,000 suka hallara, sai layukan waya da kwamfutocin kamfanin suka kasa ɗaukar su, wasan ya ƙi buɗewa, aka yi wa Hanke ihu a kan dandamali. Sai da aka mayar wa mutane kuɗin tikiti, aka kuma sasanta ƙarar da suka kai a kan fiye da dala miliyan ɗaya da rabi. A 2019 kuma, wajen sasanta wata ƙarar da masu gidaje suka kai saboda masu wasa suna shiga musu haraba, kamfanin ya yarda zai cire zangon da bai wuce mita 40 daga gidan iyali ba in mai gidan ya nema, zai kuma bai wa hukumomin lambuna hanyar neman a daidaita wasan da lokutan buɗewa da rufewa. Sauƙi ne aka samu, amma mu lura cewa har a nan mai fili ne ke nema, mai taswira ke amsawa.

7.0 Waɗanda Taswirar Ta Manta

Tun da masu wasan Ingress ne suka tara taswirar, to ta gaji halinsu. Inda suke zaune ko suke aiki, nan zanguna suka yi yawa. Binciken da Ashley Colley da abokan aikinsa suka gabatar a 2017 ya nuna cewa a Amurka birane sun fi ƙauyuka samun zanguna nesa ba kusa ba, unguwannin farar fata kuma sun fi na tsiraru. Wannan ya tuna mana da ƙauyen Seneca, domin a karo na biyu ke nan ana tsara wurin shaƙatawa da sunan kowa, alhali wasu ne suka zaɓi inda zai kasance.

Akwai kuma wani abin mamaki da ya biyo baya. Masu wasa sun lura cewa wasu lambuna sun zama sheƙa, watau wurin da halitta iri ɗaya take yawaita na ɗan lokaci kafin a canja ta da wata. Sun kuma gano cewa kamfanin yana sanin inda lambu yake ne daga OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya gyarawa a intanet. Sai wasu suka shiga zana lambunan ƙarya da tafkunan ƙarya a kan gidajensu da makarantunsu don su janyo halittu, masu kula da taswirar suna bi suna gogewa. A da, sai an yi lambu kafin a sa shi a taswira. A nan kuwa har an kai ga mutum ya fi bukatar sunan lambun a taswira a kan ciyawarsa.

8.0 Daga 2018 Zuwa 2025

Bayan guguwar farko ta lafa, wasan ya zauna a hannun waɗanda suka riƙe shi da gaske. A Janairu 2018 kamfanin ya fara keɓe rana ɗaya a kowane wata wadda masu wasa kan fito su haɗu na 'yan sa'o'i, galibi a lambun garinsu. Da annobar korona ta zo a 2020 aka hana fita, sai ya ninka tazarar amfani da zango daga mita 40 zuwa 80, ya kuma fito da tikitin shiga karawa daga gida. A Agusta 2021 ya mayar da tazarar mita 40 a Amurka da New Zealand. Masu wasa, musamman naƙasassu da mazauna karkara, suka yi ca a kansa, wasu suka ƙaurace wa wasan, kafin watan ya ƙare ya mayar da mita 80. Wannan ya nuna cewa masu wasa, in sun haɗa baki, suna iya juya kamfanin, abin da dokar Milwaukee ta kasa.

A Nuwamba 2024 Niantic ya sanar cewa yana gina wata babbar taswira mai aiki da ƙirƙirarriyar basira daga hotunan wurare da masu wasa suka ɗauka masa. A Maris 2025 kuma ya sanar da sayar da sashen wasanninsa, har da Pokémon GO, ga kamfanin Scopely a kan dala biliyan 3.5, aka kammala cinikin a ƙarshen Mayu. Shi kuwa Scopely mallakar Savvy Games Group ne, wanda asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya kafa. Ke nan ikon dasa zango ko cire shi a dubban lambuna ya canja hannu a ciniki ɗaya, ba tare da an tambayi ko ɗaya daga cikin garuruwan da suka mallaki lambunan ba.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan ƙasida mun bi hanyoyi uku har inda suka haɗu. Mun ga yadda aka ƙago lambun jama'a don ma'aikatan da birni ya matse, da yadda Tajiri ya adana kamun ƙwari a cikin na'ura bayan birni ya cinye dajinsa, da yadda taswirar soja ta zama ta farar hula har ta zama filin wasa. Ba ma musun cewa wasan ya cika wani ɓangare na burin waɗanda suka kafa lambunan, domin ya fito da yaro da babba waje, ya tsayar da baƙo kusa da baƙo suna hira a kan abu ɗaya. Amma mun nuna cewa daga 2016 lambu ya zama yana da taswira biyu, ɗaya a ofishin hukumar gari, ɗaya a kwamfutar kamfani, kuma a Rhodes da Milwaukee ta biyun ce ta rinjaya.

Saboda haka muna ba da shawara biyu ga mahalarta wannan taro. Ta farko, masu nazarin tarihin birane su ɗauki irin wannan taswira a matsayin hujjar tarihi wadda ya kamata a adana, domin ana iya goge zango cikin dare ɗaya ba tare da ya bar wata alama a ƙasa ba, alhali shi ne ya tara dubban mutane a wurin. Ta biyu, mu da muke horar da malaman makaranta mu riƙa koya wa ɗalibanmu su tambayi kowace taswira wa ya zana ta, wa ya biya kuɗinta, wa kuma aka bari a waje. Muna fata masana shari'a da na tsarin birane da ke cikinmu za su ɗora daga inda muka tsaya, musamman a kan batun da kotun Milwaukee ta bari a buɗe, watau wace irin doka ce gari zai kafa wadda za ta kare lambunsa ba tare da ta tauye 'yancin masu wasa ba.